Shirun da ke Tsakanin Tashi da Sauka

Aikin rediyo ya koya mini auna shiru. Idan na buɗe murya a kwamfuta, ina ganin inda mai magana ya ja numfashi da tsawon lokacin da ya ɗauka. Da haka na auna tsallen ƙanena.

Shi ne mai tsaron raga na ƙungiyar unguwarmu a Rano. 'Yan kallo kan ce idan ya tashi sai ya tsaya a sama ya jira ƙwallo. Ba tsayawa yake yi ba. Gudun mai tsalle raguwa yake yi in ya kusa ƙololuwa, har rabin lokacinsa ya ƙare a can, ido ya ga kamar an rataye shi. Tsawon lokacin kuwa ya gama yankuwa tun da ƙafa ta bar ƙasa.

Kafin gwiwarsa ta goce a wani wasa a Kibiya, na taɓa ɗaukar sautin tsallensa don nishaɗi. Muka kwantar da tsohon ƙyaure a tsakar gida, na ajiye rikoda a gefe: ƙarar tashi, shiru, ƙarar sauka. Bayan ya shekara yana jinya, ƙungiyar ta kira shi gwaji ranar Asabar. In bai koma yadda yake ba, za a ba wani ragar.

"Yaya, ɗauko ƙyauren nan," in ji shi.

Ya yi tsalle uku. Na jera sautukan ƙarƙashin na da, na juya masa kwamfutar. Shirun ya gajarta, ko ba a auna ba ana gani.

"Na'urarka ce ta tsufa, kamar mai ita."

"Ita ta auna na farkon."

Ya sake hawa. A na huɗu shirun ya kusa kamo na da, har ya fara dariya. Amma na ga abin da ya yi: ya naɗe ƙafafu a sama, ya jinkirta taɓa ƙyauren.

"Ƙafarka ce ta makara," na ce masa. "Kai ba ka ƙara ko taƙi ba."

"To a bar wannan ɗin mana. Wa zai sani?"

"Duk wanda ya ɗaga maka ƙwallo."

Ya zauna a kan ƙyauren yana murza gwiwar. Can ya tambaye ni ko akwai abin da mutum zai iya ƙarawa bayan ya riga ya tashi. Na ce babu.

Ranar Asabar ɗin gwajin, da sassafe ya bi Baba gona a Lausu.