Ustad Riaz Bhutta da Na'urar Ɗakin Mijina

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga Yuni, bayan azahar, ajali ya riski Ustad Riaz Bhutta, mai haɗa iyakwandishan na unguwarmu a nan Multan. Ya faɗi a saman rufin wani gida da sufana a hannunsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Likitoci sun ce zuciya ce da zafi.

Ustad, ni ce Shagufta, matar Mushtaq tela, wadda kake kira Baji, wato yaya. Ban iya rubutu irin na malamai ba, amma abin da ke raina ya fi ƙarfin in yi shiru.

Ka san halin da muke ciki tun da ɓarin jikin Mushtaq ya shanye. Yana kwance a ɗakin sama, likita kuma ya gargaɗe mu cewa zafin bazara zai iya ƙarasa shi. Tsohuwar na'urarmu ƙarama ce, ƙarfin sanyinta tan ɗaya, injinta na waje ya gaji. Sai yayan Mushtaq ya aiko mana daga Dubai da injin waje sabo fil, tan biyu. Dangi suka yi ta zuwa kallo, kowa na cewa a haɗa shi da ɓangaren tsohuwar da ke cikin ɗaki.

Da ka zo, ko kwalin ba ka buɗe ba. Ka auna ɗakin, ka dubi tagar da ke fuskantar yamma, ka taɓa rufin da rana ke gasawa. Sannan ka ce, "Baji, ɗakin nan tan ɗaya da rabi yake so, kuma na ciki da na waje su zama sa'o'in juna. Wannan ƙaton fa? Kamar a ɗaura wa ɓauna keken yara ne."

Na ce, "Haba Ustad, kyautar babban yaya ce. In muka ajiye ta, da wane ido za mu dube shi?"

Ka ce, "To shi Bhai Sahib ɗin, babban yayan naku, shi ne zai kwana a ɗakin? Ni dai hannuna ba ya ciki."

Dangi suka ce taurin kai gare ka, suka kira wani ya haɗa. Aka yi 'yan kwanaki ana murna. Daga nan bututu ya fara ƙanƙara, ruwa na ɗiga kan shimfiɗar mara lafiya, injin yana tashi yana mutuwa, har wata rana da tsakar rana ya ƙone ƙurmus. Na tarar da Mushtaq ya jiƙe sharkaf, idanunsa sun juya, numfashi da ƙyar. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Na kira ka ina kuka. Ba ka goranta mini ba, ko kalma ɗaya. Kafin la'asar ka iso da na'ura a bayan amalanke, ciki da waje, tan ɗaya da rabi cif. Ka canja bututun gaba ɗaya domin tsohon bai yi daidai da ita ba. Da na tambayi inda ka samo ta, ka ce, "Wani ne ya ajiye, ba ya bukata. Kawo mini shayi, Baji, kada ki cika sukari irin na rannan." Ka sha a tsaye, kana sauraron injin har ka gamsu da ƙararsa. Mushtaq ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba.

Ranar addu'ar uku na je gidanka. Mata sun cika ɗakinka, fanka ɗaya na juya iska mai zafi, kowa na fifita da gefen mayafi. Na ɗaga kai sai na ga rami a bango an toshe da tsumma, a ƙasansa shatin inda na'ura ta daɗe. Na dubi matarka Kausar, ta sunkuyar da kai. Ta ce tun watan jiya kake kwana a haka, kana tashi da ciwon kai ka fita aiki cikin rana, kuma ka hana ta faɗa wa kowa. Na ce gobe zan sa a dawo da na'urarka. Ta kama hannuna ta ce, "Kada ki taɓa ta sai damina ta sauka. Haka ya ce."

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, amma zuciyata ta ƙi sakin maganar nan. Mushtaq ma ya ji. Jiya ya yi ta nuna na'urar da hannunsa mai lafiya, hawaye na zuba, yana so in kashe ta. Na zauna a gefensa na ce ba zan kashe ba. Tana nan tana aiki, shi kuma yana numfashi.

Allah ya jiƙanka, Ustad. Ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya sanyaya makwancinka, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Kausar da 'ya'yanku, Tanveer da Rubina, da duk dangin Bhutta. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, mu kuma ya sa mu cika da imani. Amin.