Kububuwa a Wadi Hanifa

Jiya na ga zalɓe a bakin kududdufin unguwarmu, sai na tuna da Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya samo mini aikin tuƙi a Riyadh a shekarun 1990. Duk Juma'a bayan asuba yakan ɗauke ni daga unguwar Jaradiya zuwa kwarin Wadi Hanifa kallon tsuntsayen ruwa. Idan mun isa, ba ya magana sai da raɗa.

Wata safiya a farkon zafi muna tsugune cikin ciyawa, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wurin, wani zalɓe yana fakon kifi a gabanmu. Sai na ji abu mai kaushi yana bi ta kan ƙafata.

"Ɗana, kada ka motsa," in ji Kawu. "Kada ka dubi ƙasa. Kalli zalɓen, ka gaya mini launin wuyansa."

"Kawu, mene ne?"

"Wuyansa na tambaye ka."

Gumi yana shiga idona, na ce toka-toka ne. Ya tambayi bakinsa, ya tambayi ƙafafunsa, ina amsawa da ƙyar, har nauyin ya sauka daga ƙafata.

"Khalas, shi ke nan, ta wuce. Kububuwa ce."

Da muka koma mota, sau uku makulli yana faɗuwa daga hannunsa. Ya kifa goshi a sitiyari ya ce, "Da ta sare ka, me zan gaya wa uwarka?"

Allah Ya jiƙanka Kawu, Ya sanyaya makwancinka, Ya amintar da kai ranar firgici.