Mai Gyara da Kwalin Ashana

Ina jiran a canza min batir, ina kallon mai gyaran kwamfutar. Siririyar mace ce, tabaraunta ɗaure da zare, yatsunta duk tabon ƙuna. A gabanta wani dattijo ne da tsohuwar waya, ramin kebul ɗinta ya mutu, sai ɗan baƙin idon infirared da ake tura bayanai ta cikinsa ba da kebul ba. Hotunan marigayiyar matarsa na ciki, kuma shago huɗu sun sallame shi.

Ta jawo tsohuwar laftof mai manhajar Linux, tana buga umarni a baƙin allo tana cizon leɓe. Ina jin ba makaranta ce ta koya mata ba, taurin kai ne. Ta tokare wayar da kwalin ashana har idonta ya kalli na laftof, ta lulluɓe su da mayafinta kada hasken rana ya shiga tsakani.

"Baba, ko tari za ka yi, juya baya."

Sai ga fuskar wata mata a allon, tana dariya.

"Wallahi ita ce!" in ji dattijon, har hularsa ta faɗi.

Mai gyaran ta murmusa ba ta ɗago ba. "Zauna, Baba. Saura hotuna arba'in."