Tambarin da Aka Zana a Zaurenmu

Wasu 'yan garinmu da ke kasuwanci a Kano ne suka kafa ƙungiyar. Ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta sarki ba. Aikinta shi ne ta bi asalin kowane gida a ƙauyukanmu na wajen Makoda, ta ba shi tambari a zana a jikin zaure. Mahauta aka zana musu wuƙa, mu kuma garma da damin gero. Da farko kowa murna yake yi.

Maƙwabcinmu, wani dattijo da gonarsa ta yi iyaka da ta Baba, shi ma ya je nema. Ina zaune a ƙofar gida ya dawo yana tura kekensa.

Baba ya ce, "Malam, me suka ba ka?"

Ya ce, "Babu. Wai kakana sayo shi aka yi."

Har na yi aure ban taɓa jin wannan magana ba sai ranar. Baba ya sami shugabannin, ya ce ko su ba maƙwabcinsa tambari ko su karɓe namu. Haƙuri kawai suka ba shi. Ya dawo ya kwaɓa ƙasa, ya yaɓe namu da hannunsa.

Daga baya rigimar shugabanci ta wargaza ƙungiyar, amma magana ta riga ta fita. Bayan rasuwar dattijon, 'ya'yansa suka sayar da gonar suka koma birni. Ko da salla ba sa zuwa.