Lasifikar da Ba Ta da Shaida

Har gobe idan na ji an kira mutum "wakilinmu a ƙasar waje" sai raina ya ɓaci. Mu ma mun taɓa yin wakili, kuma na san abin da ya bar mu da shi.

Ni da yayana muke da shagon, a nan Daura, bayan tasha. Akwatin lasifika muke haɗawa. Ni nake yanka katako in haɗa akwati in manna masa baƙin ƙyalle, shi kuma Yaya shi ne mai aikin ciki. Maganaɗisu kawai muke sayowa daga Kano, amma naɗa waya da ɗora takardar lasifika duk da hannunsa yake yi. In ya gama, sai ya kafa kunnensa a jikin akwatin ya ce in ƙure murya. Na yi masa faɗa a kan wannan har na gaji, ya ce kunne ne ma'auninsa, ba shi da wani.

Babanmu fataucin shanu ya yi, kuma abin da ya bar mana mai daraja shi ne ƙarfen lalas ɗinsa, wanda yake gasawa a wuta ya yi wa shanunsa shaida. Zanen kamar ƙafar kaza yake. Duk akwatin da muka gama, Yaya zai gasa ƙarfen ya ɗana masa a baya, hayaƙi ya tashi, sannan ya ce an gama. Daga Baure har Zango, wanda ya ga ƙafar kazar nan ya san aikin gidanmu ne, kuma ya san inda zai kawo in ta samu matsala.

Da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, masu ba da hayar kayan kiɗan biki suka ja baya, su ne kuwa manyan masu sayen kayanmu. Mun tsorata. Ashe wata ƙofar ce za ta buɗe. Wa'azi ya yawaita, kowace unguwa tana son tafsiri da azumi, biki ya koma walima, kowane masallaci yana son a ji shi. Yaya ya canza naɗinsa, ya daina neman dukan ganga ya koma neman muryar mutum, yadda in malami ya ja aya za ka ji kowane harafi. Kuma ya yi su yadda batirin mota ɗaya zai riƙe su, don ƙauyukan da ba wutar lantarki.

Wannan ne ya jawo mana mutanen Nijar. Ranar kasuwar Mai'aduwa za ka ga sun gangaro, a ɗaura akwati a bayan babur a ƙetare da shi. Ni dai na ga hanya. Na ce wa Yaya mu sayi tsohuwar mota, mu riƙa kai kayanmu da kanmu Matamaye da Magarya har Damagaram, mu sauke a ƙofar masallaci, mu haɗa musu, su san fuskarmu. Ya ce wa zai zauna a shago, wa zai iya da jandarma da 'yan duwan, wato kwastan ɗin Nijar, wa ya san canjin sefa. Gaskiya yana da hujja, ban musa ba. Amma na san har da kunya, Yaya ba ya iya tsayawa gaban mutum ya yabi abin da ya yi da hannunsa.

Ana cikin haka wani Alhaji ya zo daga Damagaram. Babban ɗan kasuwa ne, yana da shagon kayan lantarki a can, ga fara'a, ga carbi. Ya ce duk abin da muka haɗa shi zai kwashe, mota tasa, iyaka tasa, mu namu aiki kawai. Sharaɗinsa kada mu sayar wa kowa a Nijar sai ta hannunsa. Yaya ya amince tun kafin shayi ya huce.

A zuwansa na biyu ne ya juya wani akwati ya ga shaidar.

"Malam, wannan fa?"

"Shaidar mahaifinmu ce, Alhaji," in ji Yaya.

"Allah ya jiƙansa. To amma ka duba. Abin nan ɗakin Allah za shi, da shi za a yi kiran salla. In mutum ya manna shaidarsa a kai, ba ka jin tsoron riya ta shiga? Aikin da aka yi don Allah, ai Allah ya san mai shi."

Na ce, "Alhaji, agogon da ke bangon masallaci ma da sunan kamfani a jikinsa."

Yaya ya daka mini tsawa a gaban baƙo, ya ce ba ni da ladabi. Lokacin kowa tsoron kalmar riya yake, kowa so yake a ga ya gyara. Alhajin ya san inda zai taɓa, ya kuma taɓa daidai. Ranar Yaya ya naɗe ƙarfen a tsumma ya tura shi ƙarƙashin teburin aiki.

Ba zan yi ƙarya ba, mun ji daɗin shekarun da suka biyo. Motar Alhaji ba ta fashi, bai taɓa cin mana ko sisi ba, Yaya ya yi wa gidanmu rufin kwano. Duk lokacin da na tayar da maganar mu leƙa mu ga inda kayanmu suke sauka, sai ya ce, "Mutum yana maka alheri kana masa bin diddigi?" Masu babur daga Nijar suka daina zuwa, tunda mun mayar da su wajen Alhaji. Ba wanda ya ƙara kawo mana gyara daga can, Yaya yana murna wai aiki ya yi ƙarko. Kunnensa kuwa yana ta raguwa, sai ka ɗaga murya yake ji.

Sai kayan Caina suka cika kasuwa, masu ƙyalli, masu araha. Motar Alhaji ta fara jinkiri, daga baya ta daina zuwa. Da na same shi a waya, ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali, ya ce kasuwa ce ta juya, mu yi haƙuri. Shi ke nan. Akwatuna suka taru a shago har ba wurin sa ƙafa, a gida ma masallatai sun koma wa na kanti. Ya rage ko mu samu masu saye a Nijar da kanmu, ko mu rufe shagon.

A wannan karon Yaya bai yi gardama ba. Muka ɗauki shatar mota, muka loda kaya, muka bi ta Kwangwalam. Gari bayan gari muna tsayawa, ba wanda ya san mu. In na ce daga Daura muke, sai a ce madalla, a kawo mana ruwa, a ce ba a bukata.

Wajen azahar muka isa wani babban ƙauye gaba da Matamaye. Muna shiga masallaci na hango akwati a rataye kusa da mumbari. Ko a mafarki na san yankan zartona. Namu ne. A gabansa an manna wani farin ƙarfe mai rubutun Turawa, an ɗaure da ƙananan kusoshi huɗu. Sai a lokacin na gane abin da Alhaji yake yi da kayanmu in sun isa shagonsa. Riya ta hana a sa shaidar babanmu, amma ba ta hana a sa ta ƙarya ba.

Na gaida liman, dattijo ne mai sanyin magana, na gaya masa abin da ya kawo mu.

"Allah ya ba da kasuwa," in ji shi. "Amma mu ba mu sayen haɗin Nijeriya, ba ya jimawa. Ka ga wannan? Na waje ne, Alhaji na Damagaram ya kawo mana shi daga bakin teku. Shekara da shekaru, ko tari bai taɓa yi ba. In za mu ƙara, irinsa za mu nema."

"Allah gafarta Malam, wannan aikinmu ne. Ga wanda ya naɗa shi nan zaune."

Ya dube ni, ya dubi Yaya da tsohuwar rigarsa, ya yi murmushin da ake yi wa ɗan talla. "To, ina shaidarku?"

Na miƙe na juya akwatin da hannuna, duk da na san abin da zan gani. Bayansa fes, katako ne kawai. Mutanen da ke wurin suka fara kallon juna, wani ya ce in mayar da shi yadda yake kada in lalata musu kaya. Ban taɓa jin wulaƙanci irin na ranar ba, kuma haushina bai tsaya kan Alhaji ba, har da Yaya, har da ni da na zuba ido.

Ladan ya kunna batir ya tayar da iƙama. Muryar ta fito tas, kowane harafi a wurinsa. Muka bi sahu muka yi salla a ƙarƙashin akwatinmu.

Da muka fito muna ɗaure kayan da ba mu sauke ko ɗaya ba, Yaya ya matso kusa da ni. Duk abin da aka yi bai ji ba, ya dai ga bakuna suna motsi.

"Me limamin ya ce ne?"

Na kai bakina kunnensa na ce, "Ya ce bai taɓa lalacewa ba."

Ya gyaɗa kai yana murmushi, ya ce, "Alhamdu lillahi. To za su ƙara?"

Na ce masa ya shiga mota, rana tana yi.

Shagon yanzu wani ne a ciki yana cajin waya. Ƙarfen lalas ɗin yana wurina, a cikin tsumman da Yaya ya naɗe shi.