Garin da ke Cikin Tukunyar Tsami

Mu uku ne a wannan labari: kakata Inna Balki, mahaifiyar babana, mai tuyar masa a kasuwar Malanville, 'yarta Gwaggo Rabi, mai taya ta, sai ni, jikan da Inna take kira maigida. Akwai kuma tukunyar tsami da Inna ta gada daga mahaifiyarta a Madécali. Kullum takan rage ɗan ƙullu a ciki domin ya tayar da na gobe, idan bazara ta tsananta kuma ta lulluɓe tukunyar da jiƙaƙƙen buhu.

Bayan magariba mukan zauna gefen murhu, shinkafar ƙullu tana dahuwa, Inna tana gyara itace tana ba mu tatsuniya. Wai a cikin tukunyar nan akwai garin masu ninkin tufafi. Wata shekara zafi ya kashe musu hannuwa, tufafi suka riƙa fitowa a cukurkuɗe har suka toshe ƙofar gari. Tsohon mai gadin ƙofar ya shafa su, ya ji ninki ya ɓaci, ya aika wa sarki. Sarki ya ƙaro masu ninki, ya sa aka warware abin da zai gyaru, aka fitar da wanda ba zai gyaru ba.

Na tambaye ta yadda za a yi idan zafin ya ƙi sauka.

"Sai garin shi mutu, maigida," in ji ta. "To mi za ka ci da sahe? Tashi ka jiƙa min buhu."

A jami'a na karanta cewa furotin ba ya aiki a cikin ƙwayar yisti, mai tayar da ƙullu, sai ya ninku daidai. Idan gurɓatattu suka taru, wani furotin mai tsaro yakan gane, ya datse abin da ya ɗaure saƙo, saƙon ya kai ga kunna ƙwayoyin gado masu samar da mataimakan ninki. Inna ba ta san wannan ba. Dabararta ce ta sa yaro ɗebo ruwa ba tare da ƙunƙuni ba. Abin da na fahimta daga baya shi ne ƙoƙarin mai gadi yana da iyaka, kuma garin ya daɗe ne saboda hannun da ke jiƙa buhu a wajen tukunyar.

Ina can wurin karatu Inna ta rasu, a tsakiyar bazara. Gida ya cika da masu ta'aziyya, buhu ya bushe ba wanda ya lura. Da Gwaggo ta buɗe tukunyar, sai wari. Yanzu yistin leda take saye. Masa tana tashi, amma tsofaffin masu saye sun ce ɗanɗanon ya sauya.

Abin da muka rasa ke nan: tsohuwa ɗaya, tatsuniyoyinta, da tsamin da ya ratsa hannun mata uku.