Kawu Sale Mai Sikeli a Ido

Duk wanda ya zauna a unguwar New Bell ya san Kawu Sale ba ya gaisawa da mutum sai ya auna shi. Kana miƙa masa hannu zai dube ka daga hula zuwa takalmi, ya ce, "Sannu, kilo saba'in da biyu." Shekara talatin ya yi yana dako a kasuwar Mboppi, har idonsa ya koma sikeli. Kun tuna ranar da ya ce wa Hajiya Dudu maƙwabciyarmu ta ƙara kilo huɗu tun Babbar Salla. Wata guda ba ta yi masa magana ba. Da ta je famasi ta hau sikeli ta tarar gaskiya ya faɗa, sai ta ƙara masa wani watan.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma a kaina ya fi baje kolin wannan hali. Shekarar da na shiga jami'a na faɗa ƙungiyar masu raye-raye da tsalle-tsalle a bakin fili, waɗanda ke zuga 'yan wasa, maza da mata a haɗe. Aikina in tsaya a ƙasa, in ɗaga yarinya sama, in cafe ta. Mamata ta ce na zubar mata da mutunci a unguwa, ta kai ƙarata wurin yayanta. Kawu ya saurare ta tsaf, sannan ya juyo gare ni.

"Yarinyar kilo nawa ce?"

"Hamsin, Kawu."

"Hamsin kawai, har ana tafa muku? Ni da na yi ta sungumar dilar atamfa mai kilo ɗari, ko sannu wani bai ce min ba."

Mama ta tashi ta bar mana ɗakin.

Sati na biyu na yar da yarinyar. Sunanta Mireille, ta faɗo a kafaɗa, ta tashi ta zage ni da Faransanci da Turancin Fijin da wani yaren da ban sani ba. Koci ya ba ni kwana goma sha huɗu, ya ce in na sake kuskure in kama gabana. Wallahi na ji kunya, kuma ina son wasan nan fiye da yadda nake son karatun.

Da na gaya wa Kawu, bai jajanta min ba. Ya shiga kicin ɗin Mama ya fito da buhun shinkafarta mai kilo hamsin, ya ɗaura masa ɗankwali, ya raɗa masa suna Madmazel. Kullum bayan La'asar ina tsakar gida ina ɗaga Madmazel, shi yana zaune kan benci yana cin gyaɗa yana daka min tsawa.

"Da gwiwa, ba da baya ba! Wa ya ce maka ana ɗaukar kaya da baya?"

Ranar da buhun ya suɓuce min ya fashe, sai ya ce in durƙusa in ba ta haƙuri. Na ce, "Haba Kawu, shinkafa ce fa."

"Yau shinkafa ce. Gobe 'yar mutane ce. Durƙusa."

Na durƙusa, ina shekara ashirin, na ba buhu haƙuri a gaban Hajiya Dudu da jikokinta. Bayan haka ya sa na tsince shinkafar ƙwaya-ƙwaya, don Kawu ba ya yarda a yi asarar ko tsinke.

Ranar gwaji na roƙe shi kar ya zo. Ina shiga fili na hango shi da babbar riga, ya riga ni isa, yana bai wa koci gammo wai a sa min a ka. Kocin ya ce, "Papa, c'est quoi ça?" wato, Baba, mene ne wannan? Kawu ya ce shi ya loda manyan motoci tun kafin a haifi koci, kuma duk lodin nan nasu a karkace yake. Sai ya dubi Mireille sau ɗaya, ya jawo ni gefe, ya yi raɗa irin tasa wadda ake ji har bakin titi.

"Hamsin da biyar ce. Ƙarya ta yi maka, shi ya sa ka yar da ita. Shirya wa hamsin da biyar."

Mireille ta ji, don ta iya Hausar kasuwa. Ta harare shi kamar za ta cinye shi ɗanye. Na shirya wa hamsin da biyar, na ɗaga ta, na cafe ta, ko gezau. Shekara uku muna wasa tare ban sake yar da ita ba, ita kuma ba ta yafe wa Kawu ba sai da ya kwanta ciwo, ta kawo masa ayaba.

Ciwon ya cinye shi sosai. Ran nan ina gyara masa filo, ya ɗaga hannunsa ya duba, ya ce, "Arba'in da takwas. Ko Madmazel ta fi ni yanzu." Na yi dariya don kar in yi kuka. Ya kama hannuna ya ce, "Kai za ka kama gaba. Kar ka yar da ni."

Ranar jana'izarsa, da muka sunkuya za mu ɗaga makara, sai na ji na lanƙwasa gwiwa, ba baya ba. Ban taɓa ɗaukar kaya mara nauyi da ya yi min nauyi haka ba, amma ban yar da shi ba.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa bakin nan nasa. Ranar da za a hau sikelin gaskiya, Allah ya sa nasa ya rinjaya.